Takalmi ɗaya zai ɗauki babbar riga kuma ya ɗauki kwat?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, shawara nake nema, kuma lokaci ya ɗan ƙure min.

Ranar Asabar ta makon sama za a ɗaura auren ƙanwata, ƙarfe 11 na safe, a masallacin unguwarmu. Mahaifinmu ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Baffanmu ne waliyyi, amma da yake ni ne babban ɗa namiji a gidan, ya ce kusa da shi zan zauna, kuma ni zan tsaya gaisawa da baƙi bayan an shafa fatiha. Tela ya gama min babbar riga ta farar shadda, aikin wuyan ruwan toka ne mai ɗan haske, na kuma samo hula zanna bukar da ta shiga da aikin. Wannan ne karon farko da zan sa babbar riga tawa ta kaina. Da can ta mahaifinmu nake ara in sallah ta zo.

Kwana 9 bayan ɗaurin auren kuma an kira ni intabiyu a wani kamfanin inshora a Abuja, ƙarfe 10 na safe. Kwat ɗin da nake da shi shuɗi ne mai duhu, wanda na yi bikin kammala karatu da shi.

Hidimar biki ta cinye abin hannuna. Naira dubu 60 na iya warewa don takalmi, ba ƙari. Jiya na zaga Sabon Gari na ga kala uku. Akwai baƙin rufaffe mai igiya, mai dogon baki da ƙyalli kamar madubi, mai shagon ya ce shi ake yayi. Akwai haf-koba ruwan ƙasa, mai laushi, na sa shi na ji daɗinsa sosai. Sai kuma wani buɗaɗɗe mai faɗin madauri biyu, baƙi.

Lamba 44 nake sawa, ƙafata na da faɗi, samanta kuma na da tudu, shi ya sa rufaffen takalmi yakan matse ni a wajen igiya. Tambayata: akwai takalmi ɗaya da zai yi min waɗannan wurare biyu ba tare da na ji kunya a ɗayansu ba? Ba ado nake nema ba. So nake mutanen mahaifinmu da za su zo su ga cewa gidan bai watse ba.

Tsohon Ma'aikaci:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a auren, ya ba da zaman lafiya.

Ɗana, fara da cire mai ƙyallin nan daga lissafi. Dogon baki da ƙyalli ba su da wuri a ƙarƙashin babbar riga, kuma ba su da wuri a gaban masu ɗaukar aiki. Babbar riga tana da nauyinta, aikin wuya da hula su ne ake son ido ya sauka a kai. In takalmi ya fara kiran ido tun daga nesa, ya ƙwace wa riga girmanta.

Sai ka tuna inda za a yi abin. Masallaci ne. Za ka cire takalmi a bakin ƙofa cikin cunkoso, ka zauna a ƙasa, a gama, ka miƙe jama'a na miƙo maka hannu ta ko'ina. Ka kwatanta kanka a wannan lokacin ka durƙusa kana ɗaure igiya, hannun riga na zamewa daga kafaɗa yana jan ƙasa, farar shadda kuma, ga ƙurar hunturu. Dattijon da ya taso daga Bichi ko Wudil don ya yi maka murna yana tsaye a kanka yana jira. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa takalmi mai igiya ba na ɗaurin aure ba ne. Ba haram ba ne, ba kuma wanda zai yi maka magana, wahala ce kawai da za ka ɗora wa kanka.

Na yi shekara 35 ina aikin gwamnati. A farkon shekarun nan, Litinin zuwa Alhamis kwat nake sawa, Juma'a kuma manyan kaya. Albashi bai kai na tara takalma ba, don haka abu ɗaya na riƙe: baƙin sau-ciki na fata marar igiya, mai zagayayyen baki, ba ƙarfe a samansa, ba tunku, ba wani zane. Shi na sa wa kwat, shi na sa wa babbar riga, shi na shiga da shi gaban manya. Na kan yi shekara 4 ko 5 da guda, in ƙasansa ya cinye in kai a sake. Don haka amsar tambayarka a wurina ita ce e, akwai, kuma shi ne wannan. Ka nemi wanda ya rufe saman ƙafa sosai, kada ka ɗauki mai gajeren harshe wanda rabin safa ke fitowa waje.

Abu biyu zan ƙara. Na farko, ka gwada wandon babbar rigar da takalmin tare kafin ranar. Bakin wando ya sauka a kan takalmi daidai, kada ya taru a kai, kada kuma ya tsaya a idon sawu. Telolin yanzu suna son tsuke wando su ɗage shi, wannan na kaftani ne, babbar riga ba ta son haka. Na biyu, sabon takalmi a bakin masallaci ranar ɗaurin aure amana ce da ba kowa ke riƙewa ba. Ka sa ƙaninka ko wani yaro da ka yarda da shi ya riƙe maka a jaka, ya kawo maka da zarar an shafa. Na taɓa komawa gida da silifan alwala ranar auren ɗan yayana, babbar riga a jikina. Ban so hakan ya same ka.

Kuma in za ka sa, ka fara da dama, in za ka cire ka fara da hagu, kamar yadda sunna ta koyar. A ranar irin wannan mutum yakan manta da ƙananan abubuwa.

Baduku ɗan Baduku:

Allah ya sanya alheri, ƙanena. Baba ya faɗi gaskiya a kan igiya da kuma mai ƙyalli, ba ni da ja. Amma Baba, a yi min afuwa, a kan takalmi ɗaya zan ɗan saɓa. Sana'ar nan gado ce a wurina, kusan shekara 22 ke nan ina yanka fata a wajen Ƙofar Wambai, kuma ƙafa irin wadda ya kwatanta na san ta.

Mai faɗin ƙafa da tudu a sama, sau-ciki marar igiya na kanti ba ya yi masa adalci. Dalili kuwa, ba shi da wajen sassautawa. In ya ɗauki 44 bakin takalmin zai danne masa tudun, kafin azahar ƙafa ta yi tsami. In ya ɗauki 45 don tudun ya samu wuri, dunduniya za ta riƙa fita yana tafiya yana jan takalmi. Baba mai yiwuwa ƙafarsa siririya ce, shi ya sa ya ji daɗinsa shekara da shekaru. Wannan yaron kuwa tsayuwa zai yi tun safe har bayan la'asar.

Ni abin da nake gani, a raba kuɗin biyu. A yi masa haf-koba a kan ƙafarsa don ɗaurin aure, sauran ya nemi rufaffe mai igiya na gwanjo mai kyau don Abuja. Dubu 60 za ta yi, in bai shiga shagon gilashi ba. Haf-koba shi ne abokin babbar riga na gaskiya: gaba a rufe, mutunci ya cika, baya a buɗe, ka zura ƙafa ka wuce ba tare da ka sunkuya ba. Amma ba ruwan ƙasan da ka gani ba. Farar shadda mai aikin toka, baƙi take so, ko toka mai duhu. Ruwan ƙasa ka bar wa riga mai ruwan madara ko ruwan goro.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato fatar kanta. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan fata a kasuwa, yadi ne aka shafa wa roba a sama. Wata uku ya fara ɓarewa kamar ɓawon rogo. In ka ɗauki takalmi ka leƙa ciki, ka nemi gefen da aka yanka. Fata ta gaske bayanta gashi-gashi ne, in ka ga saƙa irin ta yadi ko farin soso, ka ajiye. Ka danna saman da babban yatsa: fata takan yi ƙananan tamoji ta koma, roba takan lotsa sumul. Ka sansana. Wanda ya taɓa wucewa ta majema ba ya kasa gane warin fata. Sannan ka juya ƙasan ka duba ko an ɗinke shi ko gam kawai aka sa. Gam kaɗai ba ya jure zafin kwalta na Maris da Afrilu, wata rana kana tafiya bakin zai buɗe. In ɗinkakke ne, ko ya cinye za a iya sake masa ƙasa sau biyu sau uku, sama na nan.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda samarinmu suke ganin sai an rubuta Italiya a ciki kafin takalmi ya zama takalmi. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana cikin fatun da duniya ta fi so. Ita ce ayari ke ɗauka ya ƙetara Sahara da ita, Turawa su saya a hannun Larabawan arewacin Afirka su kira ta fatar Maroko. Kakanninmu da bagaruwa suke jeme ta, su rina ja da karan dafi. Har gobe ana jeme fata a Sharaɗa da Challawa a loda ta zuwa Turai, a can a yanka a ɗinka, ta dawo mana da tsada ninki ba ninki. Takalmin gashin jimina da Sarkin Kano ke sawa, wanda tarihi ya ce tun zamanin Muhammadu Rumfa aka fara shi, sarkin da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, hannun dukawa ne ke yin sa. Garin da yake yi wa sarki takalmi sama da shekara 500 ba zai gaza yi wa ɗan'uwan amarya ba.

Ba cewa nake duk baduku gwani ne ba. Akwai masu gaggawa, akwai masu sa kwali a ciki. Ka je wajen wanda zai sa ka taka takarda ya zana ƙafarka, ya zagaya tudun da awo, ba wanda zai tambaye ka lamba kawai ba. Kuma ka je da yamma. Ƙafa takan ɗan kumbura bayan yinin tafiya, in aka auna ta da sassafe takalmin zai matse ka daidai lokacin da kake tsaye kana gaisawa.

Bakano a Ingila:

Ɗan'uwa, Allah ya sa a yi lafiya. Ɓangaren babbar riga na bar wa Baba da Malam Baduku, sun fi ni sani. Ni a kan kwat zan yi magana, domin shekara 11 ke nan ina zaune a ƙasar da ta ƙirƙiro wannan shiga, kuma sai da na zo na gane suna da tsari a kai kamar yadda muke da shi a kan rawani da alkyabba.

Su ma suna da manyan kayansu na rana, waɗanda suke sawa a bikin aure na coci da taron fada: doguwar kwat mai jela a baya, baƙa ko ruwan toka, da falmaran a ciki, da wando mai ratsi, wani lokaci da doguwar malafa. A gasar sukuwar Askot da ake yi duk watan Yuni, wanda zai shiga ɓangaren gidan sarauta dole ya yi wannan shiga, kuma dokar wurin ta ce takalmi baƙi. A 2018 har sai da suka ƙara cewa dole a sa safa, saboda samari sun fara zuwa idon sawu a waje. Takalmin da aka sani da wannan shiga shi ne baƙi mai igiya na fatar maraƙi, wanda ba shi da ado sai layi ɗaya da ya gitta a kan yatsu. Mai ƙyallin madubi irin wanda ka gani, a wajensu na dare ne, na liyafar cin abinci. Wanda ya sa shi da rana, an gane bai san tsarin ba. Ka ga Baba bai taɓa zuwa Askot ba amma maganarsu ta zo ɗaya.

Masu igiya kala biyu ne, kuma bambancin ya shafe ka kai tsaye. Akwai wanda suke kira Okusfod: kunnuwan nan biyu masu hujin igiya an ɗinke gindinsu a ƙarƙashin fatar gaba, don haka ba sa buɗewa sosai. Shi ne mafi girma a wajensu, amma mai tudun ƙafa yakan sha wuya da shi. Ina kyautata zaton irinsa ne yake matse ka. Akwai kuma Dabi: kunnuwan a saman fatar gaba aka ɗora su, kana iya ɗaga su kamar murfi, ka sassauta ko ka tsuke yadda kake so. Shi za ka nema. Baƙin Dabi marar ado da shuɗin kwat mai duhu, babu ofishin da za ka shiga a Abuja ko Landan a ce ka yi kuskure.

Na goyi bayan gwanjo, da sharaɗi. In ka ci karo da wanda aka yi a Ingila, yawanci daga yankin Northampton suke, can ne garin dukawansu, kuma ƙasansu ɗinkakke ne. Amma ka zura hannu ciki ka shafa. In mai shi na farko ya riga ya lotsa wurin yatsu da dunduniya sosai, siffar ƙafarsa ce a ciki, taka ba za ta zauna ba. Ka duba inda yake lanƙwasawa, in fatar ta tsage can, ba man da zai gyara. Lambarsu ma daban ce da tamu, 44 yakan zo wajen 9 da rabi ko 10, don haka ƙafa za ka sa, kada ka dogara da rubutu.

Ranar intabiyun: bel baƙi, ya bi takalmi. Safa baƙa ko shuɗiya mai duhu, doguwa, yadda in ka zauna wando ya ɗage ba za a ga ƙwauri ba. Farar safa ka bar ta a gida. Na zauna cikin masu tantance ma'aikata a wurin aikina sau da dama. Takalmi bai taɓa ba mutum aiki a gabana ba, amma wanda ya shigo da nasa a goge, dunduniya ba ta karkace ba, yakan zauna da natsuwa, kuma ana ganin haka a yadda yake amsa tambaya.

Maman Ummi:

Ƙanena, maza sun yi ta maganar fata da ɗinki, ba wanda ya yi maganar ƙafar da za ta shiga ciki. Hunturu ake. Haf-koba dunduniya yake bari a waje, kuma a masallaci ma ƙafarka a waje za ta kasance, kana zaune a sahun gaba kusa da liman. Daga daren yau ka riƙa jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ka goge kaushi da dutse, ka shafa man kaɗanya ka sa tsohuwar safa ka kwana da ita. Kwana 10 ya isa faso ya rufe in bai yi zurfi ba. Ka yanke farce ranar Alhamis.

Sannan kada ka bari a shafa wa baƙin takalmi man gogewa da safiyar ranar. Ni ke wanke farar shaddar maigidana, na san abin da baƙin mai yake yi wa bakin wando, ba ya fita duka. A goge tun ana jibi, a bi shi da busasshen tsumma har sai tsumman ya daina ɗaukar baƙi. Ka sa ƙaramin ƙyalle a aljihu don ƙura.

Maganar da ka rufe da ita ta taɓa min zuciya. Allah ya jiƙan mahaifinku. Mahaifiyarku za ta leƙo ta gan ka cikin rigar nan, ka tabbata ka shiga ta sa maka albarka kafin ka fita.

Ɗan Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na ji maganarka, kuma da ƙafata irin taka ce da ita zan bi. Na koma kasuwa da yamma na gwada marar igiya har guda 5, abin da Malam Baduku ya faɗa shi ya faru: 44 ya danne ni, 45 yana fita. Don haka zan raba kuɗin. Yaya na Ingila, na duba tsohon takalmina, lallai irin na farkon ne, kunnuwan a ɗinke. Anti, na fara tun jiya, kuma in sha Allahu zan shiga wajen Umma kafin na fita.

Malam Baduku, tambaya biyu. Kwana 10 zai isa a yi haf-koba daga farko? Kuma ƙasan fata zan ce a sa ko na roba? Masallacin namu tayil ne a harabarsa, wajen alwala kuma kullum a jiƙe.

Baduku ɗan Baduku:

Zai isa, in ka je gobe. Aikin kansa kwana 4 ne ko 5, amma ka ce wa mai yin ranar Litinin kake so, kada ka ambaci Asabar. Kana buƙatar kwanakin da suka rage ka riƙa sa shi a gida awa ɗaya ko biyu da yamma, fatar ta saba da tudun. In ya ɗan kama ka a ranar farko ba laifi, fatar akuya takan saki. In yatsa ne ke taɓa gaba, mayar masa, tsawo ba ya ƙaruwa.

Ƙasan kuma, tunda tayil ne da ruwa, ka ce a sa fatar saniya a ɗinke, sannan a lulluɓe gaban da siririyar roba, dunduniyar ma roba. Sabon ƙasan fata zalla santsi gare shi, mai babbar riga kuma hannunsa ba ya saurin kai wa bango. Dunduniyar kada ta wuce kaurin yatsa ɗaya. Ka tafi da wandon rigar a jaka ya ga launin aikin da idonsa, ka kuma ce ya sa fata a ciki inda tafin ƙafa ke zama, ba leda ba, don kada zufa ta sa ƙafarka zamewa gaba.